Kalma Ɗaya Kafin Ganga

Ranar wata Asabar a farkon watan Nuwamba, ina aji biyar a firamare, Malam Yohanna ya jefe ni da guntun alli. Bai same ni ba, ta gefen kunnena ya wuce ya faɗa cikin kwandon karɓar baikon coci da aka ajiye bayan benci, yara kuwa suka kwashe da dariya har da masu faɗuwa ƙasa. Muna cikin ɗakin makarantar Lahadi na cocinmu a unguwar Television a Kaduna, la'asar ta yi amma kwanon rufi bai huce ba, ƙamshin ƙosan da wata mata ke toyawa a bakin titi yana shigowa ta taga. Laifina shi ne na kasa rera kalma ɗaya tak a inda ake so. Kalmar ita ce "Mun". Na rera ta da wuri, ya ce na yi gaggawa. Na jira, ya ce na makara. Na rera ta tare da ganga, ya dafe kai ya ce, "Haba Rifkatu! Kafin ganga na ce, kafin ganga! Egen! Sake!" Na tsaya ina kallon allo, hawaye ya cika mini ido, ina tambayar kaina wane irin mutum ne zai fara waƙa tun ba a fara ta ba.

Malam Yohanna shi ne kwayamastan cocinmu. Mutumin Filato ne, dogo, ma'aikacin gwamnati, kullum da biro a aljihun riga da alli a aljihun wando. Shi kaɗai ne a cocin ya iya rubuta waƙa da do-re-mi, ba ya kuwa barin kowa ya manta da hakan. A shekarar ya tsara sabuwar waƙa da kansa don ranar godiyar kaka, ranar da kowane gida ke kawo amfanin gonarsa gaban bagadi, ya ce kwayar yara ce za ta rera ta. Waƙar ta fara da "Mun kawo doya, mun kawo dawa." Muna da kibod a coci, sai dai ba abin dogaro ba ne, don wuta ta fi son ɗaukewa ana tsakiyar sujada, janareto kuma sai ranar da ya ga dama yake tashi. Saboda haka Malam ya yanke shawara murya ɗaya ce za ta ɗaga waƙar. Ita kaɗai za ta furta "Mun", ta ba kowa tsayin muryar da zai bi, sannan ganga da sauran yara su faɗo a kan "kawo". Ni ya zaɓa. Ranar da ya kira sunana, da gudu na koma gida, na ma manta da kananzirin da Mama ta aike ni saye.

Da haruffa ya rubuta waƙar a allo, d da r da m da s, ya raba su da layuka a tsaye. Abin da ke tsakanin layi da layi ɗaki yake kiransa, don mu gane. Kowane ɗaki, in ji shi, bugu huɗu yake ɗauka, ba ƙari ba ragi. Wannan ya yi mini daidai, don ni yarinya ce mai son lissafi, ina son abu ya cika. Amma ɗakin farko na waƙar harafi ɗaya ne kawai a cikinsa, s, da ɗigo biyu a gabansa, sai layi ya rufe shi. Na ɗaga hannu na ce Malam ya manta bugu uku. Ya ce bai manta komai ba. Ya taka har ƙarshen allo, ya ɗora yatsa a ɗaki na ƙarshe mai bugu uku, ya ce in haɗa wannan da wancan in gaya masa nawa ke nan. Na ce huɗu. Ya ce, "To kin gani. Abin da aka ɗauka a farko, a ƙarshe ake rage shi. Haka ake rubutawa ko'ina." Ya ce sunan abin anakurusis. Muka yi ta maimaita kalmar a hanyar gida kamar sunan wata cuta, har Ɗanladi mai buga mana ganga ya riƙa cewa anakurusis ya kama masa ƙafa duk ranar da ba ya son zuwa ɗiban ruwa.

Ni dai amsar ba ta shige ni ba. In har ukun suna can ƙarshe, don me Malam ke ƙirga "ɗaya, biyu, uku" a farko kafin in shigo? In kuma ana ƙirga su a farko, me ya hana a rubuta su kowa ya gani? Na yi wannan tambaya har ya gaji ya ce in rufe baki in yi waƙa, wanda shi ma ban ga yadda za a yi shi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lambobi. Malam ya sa wa ɗakunan lamba a sama, don in an yi kuskure ya ce a koma ɗaki na kaza. Lamba ɗaya a kan "kawo" ya ɗora ta. Nawa ɗakin ba shi da lamba. Da na yi ƙorafi, ya ce ba a ƙirga guntun ɗaki, wannan baranda ce. Sai ya riƙa cewa "Mu koma ɗaki na ɗaya," yara su kama daga "kawo", ni kuwa ina tsaye baki buɗe, kalmata tana maƙale a maƙoshi. An zaɓe ni a cikin yara duka, an kuma ajiye ni a baranda, Murna da ke tsaye kusa da ni tana ta yi mini gwalo.

Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya da mata ke faɗa a kanta duk Asabar. Akwai mutanen Binuwai a ɗakin ƙarshe, akwai na Nasarawa kusa da ƙofa, kowa da yarensa a ɗaki, a tsakar gida kuwa Hausa da Turancin Burokin ake yi. Aikina shara da sassafe, jan ruwa, wanke-wanke, da kai niƙa inji bayan an tashi makaranta. A cikin duk ayyukan nan na riƙa ƙirga "ɗaya, biyu, uku, Mun" da ƙarfi, guga na sauka rijiya ina ƙirgawa, ina ɗauraye kwanuka ina ƙirgawa, har yaran gidan suka daina kirana Rifkatu suka koma kirana Mun. Duk da haka abin ya ƙi zama. Waƙoƙin da na tashi da su, na tafa-tafa da na tsallen igiya da muke yi a filin makaranta lokacin tara, kalmar farko tare da tafi take faɗuwa. Jikina ya saba da haka. Ko na ƙirga daidai, harshena sai ya tsaya jiran bugu, in kuwa na tilasta masa sai ya yi tsalle ya wuce gona da iri.

Babana ne ya fi kowa ɗaukar abin da zafi. Ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, daga nan ya koma gyaran keken ɗinki a wata rumfa, da ɗan noman masara a gefen layin dogo inda yake jan mu cirar ciyawa da damina. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Mutum ne da ba ya jure shiru ko kaɗan. In kana magana ka tsaya neman kalma, zai miƙa maka tasa kafin ka samo taka. Muryarsa kuwa babba ce, shi ke ɗaga waƙa a addu'ar safe tun ba mu gama murza ido ba, maƙwabta suna ji ta bango. A ƙauyensu can kudancin Kaduna, cocinsu ba kibod ba allo. Wanda waƙa ta zo masa shi ke ɗagawa, kuma akwai al'adar da kowa ya sani: in mai ɗagawa ya sarƙe ko ya manta, na kusa da shi ya karɓa nan take, kafin mutane su lura. Baba yakan ce, "Mu a wurinmu ba a barin mai ɗaga waƙa ya ji kunya." Tun da aka zaɓe ni bai bar kowa ya huta ba, har masu kawo masa gyara daga Rido da Trikania sun san cewa Uwata ce za ta ɗaga waƙa ranar godiya. Da yamma yakan zauna a benci yana zuba wa keke mai, yana taya ni ƙirga, da haka ya haddace waƙar tsaf ba tare da kowa ya koya masa ba.

Ranar da aka jefe ni da alli, Malam ya rufe firatis, wato gwajin waƙarmu, da gargaɗi. Ya ce Asabar mai zuwa in ban gyara ba, Murna zai ba wa. Murna ta gyara tsayuwa kamar an riga an ba ta. Na koma gida ina haɗiye kuka, ina tunanin yadda zan dubi Baba da masu gyaransa in ce an karɓe. Na tarar Mama ta zuba masara a turmi za ta surfa, ta miƙo mini taɓarya ba tare da ta tambayi abin da ya same ni ba. Na ɗauka da fushi, na riƙa dukan masarar kamar ita ta yi mini laifi. Mama tana gefe da tata taɓaryar muna lugude, duk sa'ad da ta ɗaga sai ta yi wani ɗan nishi, sannan taɓarya ta sauka. Ban san lokacin da bakina ya fara bin nishin ba. Na ɗaga, na ce "Mun", taɓarya ta sauka a kan "ka". Na sake, ya sake zama. Ashe kalmar tawa a ɗagawa take. Na yi ta daka ina waƙa har tafin hannuna ya yi bororo, Mama tana kallona da mamaki, don ba ta taɓa ganin na roƙi a ƙaro masara ba.

Asabar ta zo na shiga daidai, na sake shiga daidai, na kuma sakewa. Malam bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne, ya dai mayar da allin aljihu. Murna ta ce ai sa'a ce. A firatis na ƙarshe ya tara mu ya ce a gaban jama'a ba zai ƙirga da baki ba, abin kunya ne kwayamasta ya riƙa ihun ɗaya biyu uku kamar mai koyar da fareti. Da hannu zai ƙirga, a gaban ƙirjinsa, ya juya wa jama'a baya, mu kaɗai za mu gani. Muka gwada, ya tafi sumul. Ba wanda ya ga wani abin damuwa a ciki, daga Malam har mu. A gida kuwa na ci gaba da ƙirgawa da ƙarfi yadda na saba, Baba yana taya ni.

Ranar godiya coci ya cika har baranda. Gaban bagadi ba wurin sa ƙafa, doya an jera ta, ga dammunan dawa, ga buhunan masara da citta da acca, ga kaji an ɗaure musu ƙafa suna ta mutsu-mutsu, har da wata akuya da ta ƙi yin shiru lokacin addu'a. Matan zumunta, ƙungiyar matan coci, sun sha anko, da tulunansu na kiɗa da caki a hannu. Mama ta ɗinka mini sabuwar riga, ta yi mini kitso mai zafi har ba na iya juya wuya. Baba ya riga kowa zuwa don ya sami bencin gaba, ya sa babbar rigarsa ta Kirsimeti, ya ajiye hula a gwiwa. Wuta ta ɗauke tun kafin wa'azi, ba wanda ya yi mamaki. Aka kira kwayar yara, muka hau, na tsaya a tsakiyar layin gaba. Malam ya busa mini sautin a hankali yadda ni kaɗai zan ji, na riƙe shi a kai. Coci ya yi tsit. Ya ɗaga hannu a gaban ƙirjinsa. Hannu ya sauka, ɗaya. Ya koma gefe, biyu. Na ja numfashi, ina jin taɓarya a tafin hannuna, ban taɓa zama a shirye irin wannan lokacin ba.

A kan uku, wata ƙatuwar murya ta tashi daga bencin gaba. "Mun!" Baba ne. Shi bai ga hannun Malam ba, bayan Malam kawai yake gani. Abin da ya gani shi ne 'yarsa a tsaye gaban dukan coci, ba ƙirga, ba sauti, ta ja numfashi ta yi shiru. Yara an hore su su faɗo da zarar sun ji "Mun", suka kuwa faɗo, a kan muryar Baba da ke can ƙasa, 'yan mata suna gurnani don sautin ya yi musu zurfi. Ɗanladi hannun Malam yake bi, sai gangarsa ta shigo da bugu ɗaya a baya, waƙa ta kama ɗingishi. Malam ya juyo ya dubi bencin gaba, ya juya ya dube ni, ya yi ta sheƙa hannu a iska yana neman haɗa kan ganga da yara. Ni kuwa bakina a buɗe yake ba abin da ya fito. Na ce a raina ba komai, akwai baiti na biyu, tunda ɗakin ƙarshe uku ne, na huɗun nawa ne, zan ɗaga. Kafin mu kai can matan zumunta sun shigo da tulu da caki sun daidaita kiɗan yadda suka ga dama, wata ta rangaɗa guɗa, jama'a sun miƙe. Da aka zo wurin, coci gaba ɗaya ne ya ce "Mun", Baba yana ja gaba, yana kallona yana gyaɗa kai wai in saki jiki.

Abin haushin bai ƙare a nan ba. Da aka tashi, mata suka yi ta dafa mini kai suna cewa, "Rifkatu, kin yi ƙoƙari, waƙar ta yi daɗi," alhali ko tari ban yi ba. Malam ya tari Baba a bakin ƙofa, fuskarsa a murtuke, ya ce, "Baban Rifkatu, ai ƙirga muke yi. Saura bugu ɗaya ta shigo." Baba ya ce, "Malam, wace ƙirga? Ni ban ji an ƙirga komai ba." Malam ya fara bayanin guntun ɗaki da ɗakin ƙarshe, Baba yana gyaɗa kai cikin ladabi, ina gani na san ko ɗaya bai shige shi ba. A hanyar gida na yi gaba abina, ban riƙe masa hannu ba. Ya cim mini wajen mai rake, ya sunkuyo ya ce, "Uwata, na ga kin yi shiru ne. In zauna ina kallo ki ji kunya?" Na ce ban manta ba, jira nake yi. Ya ce, "Jiran me?" Nan na fashe da kukan da nake riƙewa tun a coci. Shinkafa da kaza aka dafa ranar, na ƙi ci, ya sayo mini rake na ƙi karɓa. Na daɗe ina gaishe shi da baki kawai ban ɗaga ido ba. Da shekara ta zagayo Malam ya mayar da ni cikin masu alto, masu rera murya ta biyu, sabuwar waƙar kuma Murna ce ta ɗaga, aka kuma roƙi Baba ya zauna a baya.

Yanzu ni ke koyar da kwayar yara a wani coci a Trikania. Allo ya zama tarihi, a waya nake tura musu waƙa, manhajar da nake rubutu da ita ma ta san guntun ɗaki, ita ma ba ta ba shi lamba. Akwai sola a rufin coci, kibod ba ya mutuwa, mai kibod yana kaɗa gabatarwa mai tsawo har kowa ya san inda zai shigo, ba a bukatar wata yarinya ta tsaya ita kaɗai ta fara. Duk shekara sai an sami mai ɗaga hannu ya ce na manta bugu uku, in nuna masa ɗakin ƙarshe, ya dube ni da irin kallon da na yi wa Malam Yohanna. Wani lokaci nakan kashe kibod da gangan, in sa su shigo da ƙirgar hannu kawai, suna ta gunaguni. Har yau in na tuna ranar nan raina yana ɓaci, don wata guda na daka masara saboda kalma ɗaya, ban kuwa taɓa rera ta a gaban kowa ba. Baba ya rasu ban taɓa iya gamsar da shi cewa shirun nan na cikin waƙar ba. A jana'izarsa a ƙauye ni aka ce in ɗaga waƙa, na buɗe baki muryata ta ƙi fita, wata tsohuwa da ban sani ba ta karɓa kafin kowa ya lura. Tun daga nan, duk sa'ad da na ɗaga hannu coci ya yi tsit, ina ƙirga ɗaya, ina ƙirga biyu, a kan uku sai na kasa kunne wajen bencin gaba.